Aikin Tamowa Daga Awon Dantse Zuwa Sallama: Jagora Ga Sabon Ma'aikacin Lafiya

Ranar awon tamowa, tun kafin ka buɗe ƙofar asibiti za ka tarar mata sun cika gindin darbejiya, kowace da goyonta, wasu tun asuba suka taso daga ƙauyen da mota ba ta shiga sai ranar kasuwa. Daga watan Yuni zuwa Satumba abin ya fi ƙamari, domin rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, ga zazzaɓin cizon sauro da gudawa sun shigo tare da damina. Sabon ma'aikaci idan ya ga wannan layi, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne ya hanzarta ya raba ledar abincin tamowa, kowa ta kama gabanta. A nan ɓarnar take farawa. Aikin tamowa bi-da-bi ake yin sa, kuma kowane mataki akwai dalilin da ya sa ya riga na bayansa.

Tsarin kula da yaro a gida, uwa tana kawo shi awo mako-mako, bai daɗe ba. Abin da ya buɗe masa hanya shi ne abincin nan na leda da aka fi sani da Plumpy'Nut, wanda André Briend da Michel Lescanne suka haɗa a Faransa a 1996. A yunwar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi amfani da shi a kan dubun-dubatar yara a Nijar, musamman a yankin Maraɗi, aka ga cewa yawancinsu ba sa buƙatar gado. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da sauran hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da tsarin, Najeriya kuma ta fara shi a 2009 a jihohin Gombe da Kebbi.

Fara da zagaya layi

Kada ka zauna a tebur ka ce na farko ta shigo. Wadda ta riga kowa zuwa, galibi gidanta ne kusa. Yaron da ya fi kowa galabaita yana can ƙarshen layi, a bayan uwar da ta sha tafiya, kuma ba ya kuka, don ba shi da ƙarfin kukan. Ka fita ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kowace ta kwance goyo ka ga fuskar yaro. Wanda ya yi laushi ba ya buɗe ido sosai, wanda ya kasa kama nono, mai amayar da duk abin da aka ba shi, mai jijjiga, mai numfashi sama-sama, waɗannan ka shigo da su nan take.

A ajiye ruwan sukari a kusa, kashi 10 cikin 100, wato giram 10 na sukari a mililita 100 na tsaftataccen ruwa. Yaron da ya galabaita amma yana iya haɗiya a ba shi mililita 50 kafin a taɓa sikeli. Jikin mai tamowa ba shi da ajiyar sukari, 'yan sa'o'i ba ci sun isa su kayar da shi.

Awo uku

Na farko awon dantse, da tef ɗin nan mai launi uku, ga yaro daga wata 6 zuwa wata 59. A lanƙwasa hannun hagu, a nemo tsakiya tsakanin ƙashin kafaɗa da gwiwar hannu, a yi alama, sannan a saki hannun ya sauka kafin a naɗa tef. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani. Daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 rawaya, matsakaiciya. Daga 12.5 zuwa sama kore. Kuskuren da aka fi yi shi ne jan tef har ya nutse a fata, ko barin sa sakwaf. Rabin santimita kawai yana iya sa a kori yaron da ya cancanci magani. Akwai kuma mai ja da gangan don tausayin uwa, ya mayar da rawaya ja. Na gane tausayin, amma ledar da ya bayar ta wani yaron ce da zai zo ranar da katan ya ƙare.

Na biyu kumburi. Ka ɗora manyan yatsunka a bayan ƙafafun yaro duka biyu, ka danna kamar daƙiƙa 3, ka ɗaga. Idan rami ya zauna a ƙafa biyun, tamowa ce mai tsanani, ko da tef ya nuna kore. Kumburin da ya tsaya a ƙafa mataki na ɗaya ne, wanda ya hau ƙwauri da hannu na biyu, wanda ya kai fuska na uku.

Ni da kaina wannan ya taɓa kayar da ni a farkon aikina. Wata tsohuwa ta kawo jikanta da aka kai mata yaye, kumatu cike, ƙafafu ɓul-ɓul. Na auna dantse na ga rawaya, na ce a je a riƙa dama masa kunu. Ita ma tana murna, tana cewa, “Ai likita, tun da ya dawo wurina ya fara ƙiba.” Babbar ma'aikaciyar da muke tare ce ta tsayar da su a bakin ƙofa, ta durƙusa ta danna ƙafar yaron, ta kira ni ba ta ce komai ba, ta nuna mini ramin. Sai a lokacin na lura gashinsa ya yi ja ya yi laushi, fatar cinyarsa tana saɓulewa kamar tsohon fenti. Tun daga ranar ba na rubuta komai a kati sai na taɓa ƙafa.

Na uku nauyi da tsawo. A tuɓe yaro, a cire guru da layu masu nauyi da izinin uwa, a tabbatar sikeli yana kan sifili. Wanda bai kai shekara 2 ba a kwance ake auna tsawonsa, mutum biyu, ɗaya riƙe da kai ɗaya yana miƙe gwiwa. A duba jadawalin nauyi da tsawo: ƙasa da layin -3 mai tsanani ce, tsakanin -3 da -2 matsakaiciya. Ɗaya daga cikin ukun nan, jan tef ko kumburi ko layin -3, ya isa a karɓi yaro.

Gida ko gado

Bakin yaro ne ke yanke wannan hukunci. A samu wuri mai inuwa, nesa da hayaniya, uwa ta wanke hannunta da na yaron, ta ɗora shi a cinya, a buɗe mata leda ɗaya, a ajiye kofin ruwa. Ta lallaɓa shi, ba ɗura ba. Kada ka tsaya musu a ka da farar riga, yaran da suka sha allura sun san ta. A ba su lokaci, ko da rabin awa ne. Idan ya ci gwargwadon abin da jadawali ya sa wa nauyinsa, ya tsallake. Idan ya kau da kai ya ƙi, ba tsiwa ba ce. Mai tamowa sau da yawa ba ya yin zazzaɓi ko da cuta ta kama jininsa, rashin ci shi ne alamar da ta rage masa.

Wanda ya ci, ba shi da wata alamar haɗari, kumburinsa bai wuce mataki na biyu ba, wannan na gida ne. Wanda ya ƙi ci, ko kumburi ya kai fuska, ko ya haɗa kumburi da muguwar rama, ko yana da ciwon huhu, ƙarancin jini mai tsanani, sanyin jiki, gyambon fata ko ciwon ido, wannan na gado ne. A Nijar wurin kwanciyar shi ne CRENI, na zuwa a koma CRENAS. Jaririn da bai kai wata 6 ba kuwa ba a ba shi leda sam. Nasa aikin a kan nono yake, a duba yadda yake kamawa, a duba lafiyar uwar, idan akwai alamar haɗari a tura su.

Turawa ba rubuta takarda ba ce kawai. Uwa za ta ce sai ta tambayi maigida, kuma gaskiyarta ce. Ka nemi lambarsa ka kira shi a gabanta, ka gaishe shi da kyau, ka ce, “Malam, yaron nan idan ya kwana a gida ina jin tsoro.” Idan uwar miji ce mai faɗa a ji, ita za ka nema. A ba yaro ruwan sukari kafin su hau babur, a lulluɓe shi har kai.

Wanda zai koma gida

Kowace leda giram 92 ce, kalori 500, haɗin gyaɗa da madarar gari da sukari da mai da sinadaran gina jiki. Ba ruwa a cikinta, shi ya sa ƙwayoyin cuta ba sa yaɗuwa a ciki, kuma shi ya sa yaro yake buƙatar ruwan sha da yawa bayan ya ci. Ana lissafa rabon da nauyi. A jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2023 kalori 150 zuwa 185 ne ga kowane kilo a rana, tsofaffin jadawalai kuma suna kaiwa 200. Yaro mai kilo 7 ke nan zai ci leda biyu zuwa uku a yini. Ka bi jadawalin da ke manne a bangon asibitinku, kada ka yi daga ka. Katan ɗaya leda 150 ne, kusan abin da yaro ɗaya ke buƙata a mako 6 zuwa 8.

Tare da leda ana ba da amoksisilin tun ranar farko ko da yaro bai nuna ciwo ba, a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, a duba katin rigakafi musamman na ƙyanda. Maganin tsutsar ciki sai a zuwa na biyu, ga wanda ya cika shekara. Ba a ƙara masa maganin ƙarin jini, akwai shi a cikin ledar.

Saura zance da uwa, wanda a ganina shi ne rabin aikin, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Kada ka fara da faɗa. Matar da ta ji an ce “kin bar yaro ya lalace” a gaban mata ba za ta dawo ba, kuma za ta gaya wa maƙwabta. Ka fara da sannu da hanya, ka tambaye ta, “Maman yaro, yaushe kika ga ya fara canzawa?” A amsarta za ka ji asalin abin. Wata za ta ce tun da ya yi ƙyanda. Wata za ta ce haƙori ne. Wata za ta sunkuyar da kai ta ce ya sha ciki, wato ta yi kwanika aka cire shi daga nono rana ɗaya aka kai shi gidan kaka. Wannan ta ƙarshen tana buƙatar ta ji daga bakinka cewa nonon mai ciki ba guba ba ne, kuma yayen gaggawa shi ya fi cutar da yaro. Ita kanta a duba ta, a auna dantsenta, a haɗa ta da awon ciki.

Sai ka gaya mata abu huɗu, ta maimaita maka su da bakinta: nono kafin leda, leda kafin tuwo, ba a dama ta a kunu ko a ruwa, kuma ta wannan yaron ce shi kaɗai. Na huɗun shi ne mai wuya. A gidan da yara biyar ke kallon ɗaya yana lasar abu mai zaƙi, a ce kada a ɗanɗana musu magana ce mai sauƙi a bakin wanda ya ƙoshi. Abin da na ga yana aiki shi ne kiran abin da sunan magani tun daga farko. Ba a raba maganin wani, kowace uwa ta san wannan. Ka ce mata, “Inna, wannan maganinsa ne, an auna shi daidai jikinsa, idan an rage ba zai warke ba.” Ka kuma ce ta dawo da ledojin da ya shanye. Ana ganin ledar tamowa a tiren masu talla a kasuwa, kuma ba duka daga hannun iyaye take fita ba, wata daga sito take fita. Ka ƙirga kayanka safe da yamma, ka sa hannu.

Wanda aka kwantar

A nan ne ilimin da ka saba da shi a kan sauran yara zai iya kashe wannan. Jikin da ya daɗe cikin yunwa ya rage wa kowace gaɓa aiki: zuciya ta ƙanƙance, hanta da ƙoda sun yi sanyi, gishirin sodiyam ya taru a cikin ƙwayoyin jiki, fotasiyam ya zube. Idan ka cika shi da abinci ko ruwa, zuciyar ba za ta ɗauka ba.

Shi ya sa ake farawa da madarar F-75, mai kalori 75 a mililita 100, furotin kaɗan. Ba don ya yi ƙiba ake ba shi ba, don jikin ya daidaita ne. Mililita 130 ga kowane kilo a rana, ko 100 idan kumburin ya yi yawa, a raba kowane awa 2 ko 3, dare da rana. Daren nan shi ne abin lura. Da yawa daga cikin yaran da ake rasawa, tsakanin tsakar dare da asuba suke tafiya, lokacin da sanyi ya sauka, uwa ta yi barci, an tsallake ciyarwa ɗaya. Zafin jiki ƙasa da digiri 35 a hammata haɗari ne, sukarin jini ƙasa da milimol 3 a lita haka. A sa masa hula, a rufe taga, ya kwana a ƙirjin uwarsa fata da fata, kada a yi masa wankan sassafe.

Abu uku hannu ke ƙaiƙayin yi, ukun kuma haramun ne a wannan mataki. Kada a ɗaura ƙarin ruwa ta jijiya sai yaro ya shiga halin suma na ƙarewar ruwa, shi ma da awo da sa ido. Kada a ba da maganin sa fitsari don kumburi ya sace, kumburin da kansa zai sauka idan ciyarwa ta yi daidai. Kada a ba da sinadarin ƙarfe na ƙarin jini sai ya fara ci ya fara ƙara nauyi, domin da wuri yana ƙara wa cuta ƙarfi.

Gane ƙarewar ruwa ma da wuya, don fatar mai rama dama ba ta komawa idan an ja, idonsa dama a zurme yake. Ka tambayi uwa: ya yi zawo na ruwa kwanan nan? Idon nan jiya haka yake? Idan ya tabbata, ReSoMal ake bayarwa, ruwan gishiri da sukari na masu tamowa, mai ƙarancin sodiyam da ƙarin fotasiyam, mililita 5 ga kowane kilo duk minti 30 na awa 2 na farko, ana ƙirga numfashi da bugun jini. Idan suka hau, ko fatar ido ta kumbura, a tsaya. Kwalara ce kawai, ko zawo mai zuba irin nata, ke sa a koma ga ruwan gishiri da sukari na kowa da kowa.

Ranar da yaro ya shanye kofinsa ya miƙo hannu, kumburi ya fara sauka, ya yi maka murmushi, to a fara matsar da shi zuwa madarar F-100, mai kalori 100 a mililita 100, ko leda a hankali cikin kwana 2 zuwa 3. Daga nan sai a mayar da shi layin mako-mako.

Mako-mako har sallama

Kowane zuwa a sake awo ukun nan da gwajin ci. Yaro mai kumburi nauyinsa zai fara sauka kafin ya hau, kada ka firgita. Wanda ba shi da kumburi amma nauyi ya tsaya cak mako biyu ko uku, akwai dalili: ko ana raba ledar, ko akwai tarin fuka, ko cuta mai karya garkuwar jiki, ko gudawar da ba ta tsaya ba. A bi shi gida, a kuma yi gwaji. Wadda ta daina zuwa a tura mai sa-kai ko ungozoma, in ta kama a bi ta hannun mai unguwa.

A jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2023, ana sallama idan dantse ya kai 12.5, nauyi da tsawo ma ya kai layin -2, kuma ba kumburi, a zuwa biyu a jere. A jagorar 2013 kuwa, da abin da aka karɓe shi da shi ake sallamarsa, wanda ya shigo da tef da tef zai fita.

Tun kafin ranar a koya wa uwa abin da zai maye gurbin leda, da abin da ke cikin gidanta. Kunun gero tsululu ciki kawai yake cikawa. A yi garin haɗi, awo 6 na gero ko dawa ko masara, 3 na waken soya, 1 na gyaɗa, a soya kowanne a niƙa, a dama da kauri yadda ba zai zube daga cokali ba. A zuba ɗan manja ko man gyaɗa, a barbaɗa garin zogale ko na ƙuli-ƙuli ko na busasshen kifi. Ƙwai ɗaya daga cikin waɗanda za a kai kasuwa, kindirmo, faten wake da kabewa, miyar kuka da daddawa. A ba shi kwanonsa daban, don a kwanon taro mai saurin hannu ke ƙoshi. Nunawa ta fi faɗa: murhu ɗaya da tukunya a harabar asibiti ranar awo, uwa ɗaya ta dama sauran suna kallo.

Idan kana son ya zama sana'arka

Buƙata dai ba a magana. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa sun haura rabi. Hanyoyin shiga biyu ne. Ma'aikacin lafiya na matakin farko, da nas, da ungozomar asibiti suna shiga ta horon tamowa da na ciyar da jarirai da ƙananan yara, wanda hukumomin lafiya matakin farko na jihohi ke shiryawa tare da UNICEF da ƙungiyoyi irin su MSF da ALIMA da Save the Children. Mai son zama ƙwararren masanin abinci na asibiti kuwa sai ya yi karatun fannin, digiri a jami'o'i irin su Bayero ta Kano ko Nsukka ko Ibadan, ko difloma a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Mai digiri yana yin shekara guda ta sanin makamar aiki a asibitin koyarwa, inda zai wuce tamowa ya shiga tsara abincin masu ciwon sukari, hawan jini, ciwon ƙoda da masu ci ta bututu. Akwai ƙungiyar masana abinci ta ƙasa, Nutrition Society of Nigeria, wadda ke taro duk shekara, shiga cikinta na buɗe ido.

Ko ta wace hanya ka bi, ka iya lissafin rajistarka. A ma'aunin da ƙungiyoyin agaji ke aiki da shi, cikin yaran da suka fita daga shiri waɗanda suka warke su haura kashi 75, waɗanda suka rasu su gaza kashi 10, waɗanda suka daina zuwa su gaza kashi 15. Ka fitar da naka duk ƙarshen wata, ka koyi zuba shi a kwamfuta. Ka kuma ajiye ɗan littafinka na kanka, ba sunan kowa, shekarun yaro kawai da awon shigarsa da na fitarsa da abin da ya ba ka wuya, shugaban asibiti ya sa maka hannu duk wata uku. A ganawar ɗaukar aiki za a iya miƙo maka tef a ce ka auna, ko a ce yaro mai kilo 6 ba kumburi, F-75 nawa zai sha idan ana ba shi kowane awa 3. Mililita 780 ne a rana, a raba gida 8, kusan 100 ke nan a kowane kofi.